Malaman Gyaran Tushe a Manyan Makarantu: Abin da Ya Kamata Ku Sani Game da Zumuncinsu na Aiki

Duk wanda ya taɓa shiga ajin 'yan shekarar farko a jami'a ko kwaleji ya san wannan fuskar. Yaro ne mai natsuwa, yana zaune can baya, littafi a buɗe, biro a hannu. Malam ya cika allo da lissafi, ya juyo ya ce, "Kun gane?" Aji ya amsa baki ɗaya, har da shi. Da za ka leƙa littafin nasa, sai ka tarar ya kwafe komai tsaf, ko ɗigo bai tsallake ba, alhali bai san inda aka taso ba balle inda aka dosa. Wannan yaron kuwa, tsayar da shi a kasuwar albasa ta Aliero, ka ce masa buhu 37 a kan kuɗi kaza, a cire la'adar dillali da kuɗin lodi da na mota. Kafin ka zaro waya daga aljihu ya gaya maka abin da ya saura. In kuma ka ja shi gefe ka tambaye shi abin da ke damunsa a aji, amsar da za ka ji ita ce wadda malamai suka saba ji: "Malam, na san abin ga sarai, hwaɗinai da Turanci shi ka ba ni wuya."

Ƙwaƙwalwa akwai ta. Tsanin da aka kafa masa ne ya rasa matakai biyu ko uku daga ƙasa. Akwai malaman da aikinsu ke nan, su mayar da matakan nan kafin yaro ya faɗo. A kansu wannan bayani yake, da kuma dalilin da ya sa bai kamata kowannensu ya ci gaba da fama shi kaɗai ba.

Su wane ne malaman gyaran tushe?

Ba su da ofis ɗaya ko suna ɗaya, shi ya sa mutane ba su cika lura da su ba. Akwai masu koyarwa a ajin share fage, wanda aka fi sani da rimediyal ko firi-digiri, inda ɗalibi ke yin kamar shekara guda yana ƙarfafa Turanci da lissafi da kimiyya kafin ya shiga aji ɗaya. Akwai masu koyar da shirin IJMB, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ke kula da jarrabawarsa tun shekarun 1970, wanda kuma ke ba wanda ya ci damar shiga aji biyu kai tsaye. Akwai malaman darussan gama-gari, musamman darasin sarrafa harshen Turanci da kowane sabon ɗalibi ke ɗauka. Sai mai ba da shawara da jagoranci, sai malamin da aka ɗora wa kula da rajista da sakamakon aji guda, sai ma'aikacin laburare da ke nuna wa baƙo yadda ake neman littafi. A ƙarshe akwai manyan ɗalibai masu yi wa na ƙasa da su tutoriyal da yamma, galibi ba tare da ko sisi ba.

Arewa ta daɗe da irin wannan aiki. Jami'ar Zariya tana da makarantar share fage a Funtuwa, Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato tana da tata, a Jihar Kebbi kuma akwai kwalejin share fage da ke Yelwan Yawuri. Kwalejojin horar da malamai, irin ta Adamu Augie da ke Argungu, sun san ajin share fagen NCE.

A yankin da muke magana a kai, wato Jega da Aliero da Maiyama na Jihar Kebbi, manyan makarantu biyu ne ke kusa da juna. A Aliero akwai jami'ar kimiyya da fasaha ta jihar, wadda aka kafa a 2006 zamanin Gwamna Muhammad Adamu Aliero, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Abdullahi Fodiyo. A Jega akwai kwalejin kimiyyar lafiya ta jihar, mai yaye ma'aikatan da ke riƙe da ƙananan asibitocin karkara. Makarantun sakandare na Jega da Aliero da Maiyama kuwa suna cikin waɗanda ke tura musu ɗalibai.

Daga ina giɓin yake fitowa?

Na farko harshe ne. Yaro ya tashi da Hausa ko Fulatanci a gida da gona da kasuwa, sai a ce daga yau duk tunaninsa na ilimin sinadarai da Turanci zai yi shi. Idan karatunsa na Turanci bai nuna ba, shafi guda sai ya ci masa rabin awa, kafin ya kai ƙasa ya manta abin da ke sama.

Na biyu ƙarancin malaman kimiyya da lissafi a sakandare, musamman a ƙauyuka. Akwai wanda zai gama aji shida bai taɓa riƙe kwalbar gwaji da hannunsa ba, sai dai zanenta a allo.

Na uku karatun cin jarrabawa. Ana buƙatar kiredit 5, har da Turanci da lissafi, sai aka mayar da hankali kan haddar tsofaffin tambayoyi, wani wuri ma a kan satar amsa. Takarda takan fito da kyau, ciki kuwa fanko. Jarrabawar JAMB ta 2025 ta nuna girman lamarin a ƙasa baki ɗaya: a sakamakon farko da hukumar ta fitar, daga cikin kusan mutum miliyan 2 da suka zauna, sama da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 daga cikin 400 ba. Ko da yake daga baya hukumar ta amsa cewa an sami tangarɗar na'ura a wasu cibiyoyi na Legas da kudu maso gabas, har aka sake wa waɗanda abin ya shafa, adadin ya isa ya tayar da hankalin kowane uba.

Na huɗu sabon yanayi. A sakandare ana bin yaro da bulala da kiran suna. A jami'a babu mai tambayarsa ko ya zo lakca. Yawancin yaran karkara su ne na farko a gidansu da suka taka wannan mataki, don haka babu yaya ko kawu da zai ce musu ga yadda ake tsara lokaci, ga ma'anar matsakaicin maki, ga haɗarin tara kariyoba.

Kada a ɗauka asarar ta tsaya a kan takardar sakamako. Ɗauki ɗalibar kwalejin lafiya da aka ce mata: yaro yana da nauyin kilo 8, ana ba da miligiram 15 a kan kowane kilo, kwalbar maganin kuma tana da miligiram 120 a cikin kowane mililita 5, nawa za a ba shi? Amsar mililita 5 ce, lissafin ɗan aji ɗaya na ƙaramar sakandare. Amma idan tushenta na ninkawa da rabawa ya raunana, ranar da za ta tsaya ita kaɗai a asibitin ƙauye da dare, uwa na riƙe da yaro jiki rau da zazzaɓi, babu malamin da zai gyara mata. Malamin da ya zauna da ita ya warware mata wannan ƙulli tun tana aji ɗaya, rai ya ceta.

Mene ne zumuncin aiki, kuma me ya raba shi da ƙungiyar ƙwadago?

Mutanen wannan yanki ba baƙin ƙungiya ba ne. Farfesa Attahiru Jega ya shugabanci ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU daga 1988 zuwa 1994, a tsakiyar mulkin soja. Gwamna Nasir Idris ya shugabanci ƙungiyar malaman makaranta ta ƙasa, NUT, kafin ya hau kujerar gwamna a 2023. Irin waɗannan ƙungiyoyi na ƙwato haƙƙi ne: albashi, ƙarin girma, fansho, kayan aiki. Aikinsu wajibi ne.

Zumuncin aiki kuwa wani abu ne daban. Shi taro ne na masu sana'a ɗaya don su gyara sana'ar kanta. A nan ba a tambayar nawa aka biya ka. Ana tambayar yaya kake koyar da kashi-kashi har yaro ya gane, wane gwaji kake yi a makon farko don ka san mai rauni, me kake yi da ajin mutum 300 alhali kai kaɗai ne. Manomin albasa ya san wannan tun tuni. Ba ya jiran sai an kira taro kafin ya tambayi maƙwabcinsa wane iri ne ya fi jure ajiya, ko ya buga waya ya ji yadda kasuwa ta kwana a kudu. Malamin gyaran tushe ne kaɗai za ka tarar ya shekara 15 yana gano dabaru masu amfani, ranar da ya yi ritaya ya tafi da su gida, wanda ya gaje shi ya sake farawa daga baƙi.

Waɗanne ƙungiyoyi ne ake da su a Najeriya?

Akwai su, kuma wasunsu sun girmi jihar Kebbi nesa ba kusa ba. Ƙungiyar malaman kimiyya ta ƙasa, STAN, an kafa ta a 1957. Tana taron shekara-shekara, tana shirya bita darasi-darasi, littattafanta na kimiyya kuma sun ratsa makarantun ƙasar nan. Malaman lissafi suna da MAN, mai fitar da mujallar Abacus. Masu kula da koyar da karatu suna da RAN, masu ba da shawara da jagoranci suna da CASSON tun tsakiyar shekarun 1970, ma'aikatan laburare kuma suna da tasu ƙungiyar tun 1962. Ita kuwa TRCN, wadda dokar 1993 ta kafa, hukuma ce ta gwamnati mai yi wa malamai rajista da ba su lasisi.

Abin lura shi ne kowace daga cikinsu ta kama reshe ɗaya ne. Malamin lissafi yana can da 'yan uwansa, na Turanci yana can da nasa, mai ba da shawara yana wani wuri. Amma yaron nan na bayan aji mutum ɗaya ne, kuma matsalarsa a haɗe take: Turanci ya hana shi fahimtar tambayar lissafi, faɗuwa a lissafi ta karya masa gwiwa, karyewar gwiwa ta sa ya daina zuwa aji. Sai an haɗa mutanen nan uku a tabarma ɗaya kafin a ga yaron gaba ɗayansa.

Ta fannin kuɗi, asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta tsara, yana ɗaukar nauyin halartar tarukan ilimi ga ma'aikatan jami'o'i da foliteknik da kwalejojin ilimi na gwamnati. Malamin share fage da na darussan gama-gari suna da haƙƙin neman wannan dama kamar kowa, kuma ya dace shugabannin makarantu su riƙa tunawa da su idan ana rabo.

Yaya ake yi a wasu ƙasashe?

A Amurka masu wannan aiki sun daɗe da mayar da shi fanni mai zaman kansa. A 1976 suka kafa ƙungiyar da aka daɗe ana kira NADE, wadda ta koma NOSS a 2019. Wata ƙungiyar mai suna CRLA ta fara tantance shirye-shiryen horar da masu tutoriyal a 1989, ta yadda ɗalibin da zai koyar da ɗan uwansa sai ya sami horo tukuna.

Dabarar da ta fi dacewa da halinmu ita ce wadda Deanna Martin ta fara a 1973 a Jami'ar Misuri da ke Kansas Siti, kuma da ɗaliban fannin lafiya aka soma ta. Hikimar ita ce a daina nuna yaro da yatsa a ce shi ne mai rauni. Darasin da aka saba faɗuwa a cikinsa shi ake sa wa ido. Sai a ɗauko ɗalibin da ya ci darasin da kyau a baya, a horar da shi, ya sake zama a lakca tare da sababbi, sannan ya riƙa haɗa su zaman bita a kowane mako. Ƙofa a buɗe take ga kowa, mai ƙoƙari da mai rauni, don haka babu kunyar shiga. Jagoran ba ya maimaita lakca, ba ya kuma ba da amsa. Tambaya yake jefawa, su warware da kansu. Wannan tsari ya bazu har Afirka ta Kudu da Ostareliya da Suwidin.

A gida ma an gwada makamancinsa a matakin firamare. Shirin SMASE na ƙarfafa koyar da lissafi da kimiyya, wanda aka fara a 2006 a jihohin Kaduna da Neja da Filato da tallafin ƙasar Japan, ya ginu ne a kan malamai su taru, su tsara darasi tare, ɗaya ya koyar saura su kalla, sannan a zauna a gyara.

Shin wannan baƙon abu ne a ƙasar Gwandu?

Ko kusa. Jega da Aliero da Maiyama duk a masarautar Gwandu suke, ƙasar Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya rubuta littafi sukutum, Ida'un Nusukhi, don kawai ya lissafa malaman da ya ɗauki ilimi a wurinsu da abin da ya karanta a hannun kowanne. Mutumin da ya kai wannan matsayi bai ji nauyin cewa ga wanda ya koya masa kaza ba.

Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru. Takan horar da mata shugabanni da ake kira jaji, ta naɗa musu malfa, su koma garuruwansu su koyar, su kuma dawo mata da ayarin ɗalibai da tambayoyin da suka gagare su. A tsangaya kuwa har gobe gardi ne ke biya wa ƙolo, alarammomi kuma suna zaman musaffa, kowa ya kawo karatunsa a saurara, wanda ya yi tuntuɓe a ɗaga shi. Babu wanda ke ganin wannan a matsayin tozarci. Abin da ake nema a manyan makarantunmu na boko shi ne a dawo da wannan ɗabi'a: malami ya yarda ɗan uwansa ya ji karatunsa.

Yaya zumuncin zai kasance a aikace?

Allah ya hutar da garuruwan nan uku wahalar nisa. Jega mararraba ce, hanyar Sakkwato da ta Birnin Kebbi da ta Yawuri duk a nan suka haɗu, kuma daga Aliero ko Maiyama mutum zai zo ya koma cikin yini ɗaya ba tare da ya kwana ba. Zama ɗaya a wata ya isa a fara, ana zagayawa: wannan watan a jami'a, na gaba a kwalejin lafiya, na gaba a wata sakandare ta Maiyama. Tsakanin zama da zama, zauren WhatsApp ya wadatar.

Abubuwa biyar ne za su sa zaman ya yi albarka. Na ɗaya, a tsara gajeren gwaji na makon farko, shafi biyu kacal, na karatu da lissafi, ba don a ba da maki ba, sai don a san inda kowane ɗalibi ya tsaya tun kafin jarrabawa ta fallasa shi. Na biyu, kowane malami ya zo da takardun amsa guda goma da aka cire sunayen masu su, a baje a tebur a duba kurakuran da ke maimaituwa. A nan ne malamin sakandare zai ga da idonsa abin da ke kayar da yaransa bayan sun bar hannunsa, lakcara kuma ya ji dalilin da ya sa ba a kai ga wani babi ba. Gani ya kori ji, zargin juna kuma ya ragu. Na uku, a tattara kalmomin kimiyya da lissafi masu wuya, a yi musu bayani da Hausa mai sauƙi, domin yaro ya kama ma'ana da harshen da yake tunani da shi kafin ya mayar da ita Turancin da za a tambaye shi da shi. Na huɗu, a zaɓi manyan ɗalibai masu hazaƙa da haƙuri, maza da mata, a horar da su jagorancin bita, a ba su takardar shaida. Samun mata a cikinsu yana da muhimmanci, domin ɗaliba takan fi sakin jiki ta yi tambaya a gaban 'yar uwarta. Na biyar, a riƙa rubuta komai: wace dabara aka gwada, a aji nawa, mutum nawa suka ci kafin ta da bayanta. Abin da aka rubuta shi ke zama gado.

Ina ya kamata a yi hattara?

Ƙungiyoyi da yawa sun mutu tun suna jarirai saboda an fara da rabon muƙami da kuɗin rajista kafin a fara aiki. A fara da aiki, shugabanci ya biyo baya. Zauren waya kuma a tsare shi daga siyasa da tallace-tallace da saƙonnin da ba su shafi koyarwa ba, in ba haka ba masu abin faɗa za su yi shiru su fice. Sirrin ɗalibi amana ne, kada a sa sunansa ko hoton sakamakonsa a zaure. Kada kuma zumuncin ya rikiɗe ya zama hanyar sayar da handawut ko tilasta wa yara darasin kuɗi.

Babban abin da zai iya kashe shi shi ne girman kai. Idan farfesa ya shigo yana jin ya zo koyar da malamin sakandare ne kawai, an tashi daga zumunci an koma lakca. Malamin da ya shekara 20 a ajin ƙauye ya san abubuwa game da yaran nan da babu su a kowane kundin bincike.

Me ya rage ga iyaye da ɗalibai?

Uba, idan an ce ɗanka ya shiga ajin share fage, kada ka ɗauka an mayar da shi baya. Shekara ɗaya ta gyaran tushe ta fi shekara uku na tara kariyoba da ke ƙarewa da kora, bayan an sayar da amfanin gona an biya kuɗin makaranta. Idan ya zo hutu, kada tambayar ta tsaya a kan ko ya ci jarrabawa. Tambaye shi wane darasi ne ke ba shi wuya, kuma wa yake zuwa wurinsa idan ya kasa ganewa. In ya ce babu kowa, to akwai gyara.

Ɗalibi, matambayi ba ya ɓata. Nemi malamin da ke kula da ajinku tun makon farko, ka san ofishin mai ba da shawara, ka shiga rukunin bita na mutum huɗu ko biyar masu niyyar karatu. Ranar da ka tsallake, waiwayo ka kama hannun na bayanka.

Ku kuma shugabannin makarantu da ma'aikatar ilimi mai zurfi ta jiha, abin da ake nema a wurinku bai taka kara ya karya ba: ɗaki, ɗan kuɗin mota, da kuma a lissafa wannan aiki idan an zo ƙarin girma, domin malami ya san wahalarsa ba ta faɗi ƙasa banza ba.

Malamai, ku ne a gaba. Ba sai an jira takarda daga Birnin Kebbi ko Abuja ba. Inda ake irin wannan zama a ƙarfafa shi, inda ba a yi a soma. Malami ɗaya a Aliero ya kira ɗan uwansa na Jega, su biyun su kira na Maiyama, a sa rana, kowa ya zo da takardun ɗalibansa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, yaron nan na bayan aji kuma ku yake jira.